Wuskin Japan: Ɗanɗano ake saya ko suna?

A watan Agustan 2020, a wani gwanjo da kamfanin Bonhams ya yi a Hong Kong, an sayar da kwalba ɗaya ta wuskin Yamazaki mai shekara 55 a kan dalar Hong Kong miliyan 6.2, wato kusan dalar Amurka 800,000. Watanni kaɗan kafin nan, kamfanin Suntory da ya yi ta ya fitar da irinta guda 100 a cikin Japan a kan yen miliyan 3 kowace, kuma sai da aka yi ƙuri'a kafin mutum ya samu damar saye. Daga kanti zuwa ɗakin gwanjo, kuɗin ya ninka fiye da sau 25.

Da wuya wanda ya biya wannan kuɗi ya cire murfin kwalbar. Irin waɗannan kwalabe ajiye su ake yi kamar gwal, ana jiran farashi ya ƙara tashi. Abin shan da ya yi suna saboda ƙamshinsa da ɗanɗanonsa ya koma hannun mutanen da ba su da niyyar ɗanɗana shi. Da sunan ya fi abin da ke ciki daraja kuwa, sai masu algus suka samu ƙofa.

Ga Musulmi, hukuncin giya a bayyane yake, kuma tsadar kwalba ko daɗin labarinta ba sa sauya shi. Sai dai labarin wuskin Japan labarin sana'a ne da amanar kasuwa, kuma kamfanin da ke tsakiyarsa ba baƙo ba ne a kantunan Najeriya: tun 2013 Suntory ya sayi Lucozade da Ribena daga hannun GlaxoSmithKline.

Ɗalibin da ya je ya kwafo sana'a

A ƙarshen 1918 wani matashi mai suna Masataka Taketsuru, ɗan gidan masu dafa giyar shinkafa a yankin Hiroshima, ya sauka a Sikotland. Ya ɗauki darussan kimiyyar sinadarai a Jami'ar Gilasgo, ya yi koyon aiki a matatun Longmorn da Hazelburn, yana rubuta duk abin da ya gani, yana zana tukwane da bututu a littafinsa. A 1920 ya koma gida da rubuce-rubucensa da kuma mata Baturiya, Rita Cowan.

Kamfanin da ya tura shi ya fasa aikin saboda kasuwa ta karye bayan yaƙi. Wanda ya ɗauke shi shi ne Shinjiro Torii, ɗan kasuwar Osaka, wanda ya fara gina matatar Yamazaki a 1923, tsakanin Kyoto da Osaka, inda kogunan Katsura da Uji da Kizu suke haɗuwa. Wurin ya daɗe da suna a kan ruwa mai kyau. Tun ƙarni na 16 ake danganta wani ɗakin shan shayi da ke kusa da wurin da Sen no Rikyu, babban malamin al'adar shayin Japan.

Kwalbar farko ta fito a 1929, ana ce mata Shirofuda, kuma kasuwa ta ƙi ta. Ta yi kama da ta Sikotland ƙwarai, da ƙaurin hayaƙin da Japanawa ba su saba da shi ba. A nan mutanen biyu suka raba hanya a tunani. Taketsuru yana son ya yi abin da ya koyo ba tare da ragi ba. Torii yana son abin da bakin mutanensa zai karɓa. A 1934 Taketsuru ya tafi Yoichi da ke tsibirin Hokkaido mai tsananin sanyi, ya kafa nasa kamfanin, ya riƙa sayar da ruwan tuffa yana jiran gangunansa su nuna. Daga sunan kamfanin ruwan tuffar nan aka ciro sunan Nikka, kuma wuskinsa na farko ya fito a 1940. Shi kuwa Torii ya dace a 1937 da Kakubin, mai kwalba mai kusurwa huɗu da zanen bayan kunkuru, wadda har yau ake sayarwa.

Saɓanin nan nasu ya yi wa sana'ar amfani, domin ya ba ta fuska biyu tun daga tushe.

Daga ina ɗanɗanon yake fitowa?

Harshe abu biyar kawai yake ganewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da wani na biyar da wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908 ya sa masa suna umami, wato irin garɗin da daddawa ke ba miya. Sauran abin da ake kira ɗanɗano yawancinsa aikin hanci ne. Shi ya sa masu haɗa wuski suka fi yin aiki da shinshina. Sukan tsarma shi da ruwa har ƙarfinsa ya ragu zuwa kusan rabi, domin zafin barasar kada ya rufe ƙamshin da ke ƙarƙashi.

Asalin aikin ba shi da wuyar faɗi. Ana jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, a busar, a niƙa, a dama da ruwan zafi don zaƙinsa ya fito, a zuba yisti ya tsimu na 'yan kwanaki, sannan a dafa a tukwanen jan ƙarfe a tara tururin. Abin da ke fitowa fari ne fat kamar ruwa. Launin zuma da ake gani a kwalba, da babban kaso na ƙamshin, daga gangar katako suke zuwa, a shekarun da ruwan ya yi a cikinta. Gangar da aka taɓa ajiye wuskin Amurka a ciki takan ba da ƙamshin banila da kwakwa. Wadda ta fito daga Sifen, da aka taɓa ajiye giyar inabi, takan ba da launi mai duhu da ɗanɗanon zabibi da busassun 'ya'yan itace. Idan kuma an busar da tsiron da hayaƙin wata baƙar laka ta ruɓaɓɓun tsirrai da ake haƙowa a fadamun Sikotland, sai a samu ƙaurin nan da ya kayar da Shirofuda.

Duk wannan a Sikotland aka koyo shi. Abin da ya bambanta Japan ya fara ne daga wata ɗabi'ar kasuwa. A Sikotland matatu sukan yi musayar ganguna a tsakaninsu: mai haɗi zai karɓi mai hayaƙi daga wannan gida, mai zaƙi daga wancan. A Japan manyan kamfanonin sun shafe shekaru ba sa ba juna ko ganga ɗaya. Don haka dole kowane gida ya samar da kowane irin ɗanɗano da kansa. A matatar Yamazaki akwai tukwane masu siffa daban-daban, gajere da dogo, mai ƙugu da miƙaƙƙe, akwai randunan tsimi na katako da na ƙarfe, ga yisti iri-iri, ga ganguna kala-kala. Gida ɗaya yana fitar da nau'o'i masu yawa, sannan babban mai haɗi ya zauna ya tsara su. Abin da ya fara a matsayin rowa tsakanin abokan gasa shi ya zama ƙarfin sana'ar, domin ya mayar da mai haɗi mutum mafi muhimmanci a gidan.

Masu ɗanɗana sukan bambanta gidajen cikin sauƙi. Na Yamazaki sukan ce yana da ƙamshin nunannun 'ya'yan itace da zaƙi mai nauyi. Na Hakushu, matatar da Suntory ya buɗe a 1973 a cikin daji a gindin duwatsun Yamanashi, sukan kwatanta shi da ɗanyen ganye da na'ana'a, da ɗan hayaƙi sama-sama. Na Yoichi mai nauyi ne, da hayaƙi da ɗan gishirin iskar teku, kuma har yau da gawayin kwal ake hura wutar tukwanensa, ma'aikaci yana zubawa da shebur, abin da kusan duk matatun duniya suka daina. Na Miyagikyo, wadda Taketsuru ya buɗe a 1969 kusa da Sendai, da tururi ake dafa shi a hankali, sai ya fito da laushi da ƙamshin tuffa. Hibiki kuwa, da ya fito a 1989, haɗi ne na gidajen Suntory, kuma kwalbarsa tana da fuska 24, adadin ƙananan lokutan shekara a tsohuwar kalandar Japan.

Sai kuma mizunara, wanda shi ne abin da ba a iya kwafowa daga Turai ba. Itace ne na dazukan arewacin Japan, ɗan'uwan wanda Turawa ke sassaƙa gangunansu da shi. Ma'anar sunansa tana da alaƙa da ruwa, saboda yawan ruwan da yake riƙewa. Masassaƙa ba sa son sa: yana girma a karkace, yana yoyo, kuma sai ya kai kimanin shekara 200 kafin ya isa a yi ganga da shi. Larura ce ta sa aka taɓa shi, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe hanyar shigo da ganguna daga waje. Da farko ma an ɗauka asara aka yi, domin wuskin da bai daɗe a cikinsa ba yakan fito da gafi. Sai bayan shekaru masu yawa aka buɗe tsofaffin gangunan aka tarar da ƙamshin sandal da na itacen ud, irin wanda masu turaren wuta suka sani, kuma Japanawa suke ƙonawa a wuraren ibadarsu. Wanda ya zuba ruwan a gangar sau da yawa ba shi ne ya ji wannan ƙamshi ba. Magajinsa ne.

Yadda ake shansa ma ya shafi yadda ake yinsa. A Japan an saba haɗa wuski da abinci, a tsarma shi da ruwa da ƙanƙara, abin da suke kira mizuwari, ko da ruwan soda a dogon kofi. Wuskin da za a yi wa haka tilas ya zama mai daidaito, wanda ba ya rushewa idan ruwa ya shige shi, kuma ba ya danne ɗanɗanon kifi da shinkafa. Masu sukar sa sukan ce ya cika ladabi, ba shi da tsaurin ido irin na wasu gidajen Sikotland. Akwai gaskiya a ciki. Amma da gangan aka yi shi haka, kuma yin abu mai laushi wanda ba lami ba ya fi yin mai ƙarfi wuya.

Kyaututtukan da rashin kasuwa ya haifa

Shan wuski a Japan ya kai ƙololuwa a 1983, daga nan ya yi ta gangara har kusan shekara 25. Matasa suka koma wasu abubuwan sha. Kamfanoni suka rage dafawa. Matatun Karuizawa da Hanyu suka daina aiki a 2000. Jikan wanda ya kafa Hanyu, Ichiro Akuto, ya ceto kimanin ganga 400 da aka yi niyyar zubarwa, daga baya ya kafa tasa matatar a Chichibu, wadda ta fara aiki a 2008.

A wannan lokaci na kunci ne duniya ta waiwayo. A 2001 wani wuskin Yoichi mai shekara 10 ya zo na ɗaya a gasar mujallar Whisky Magazine. A 2003 Yamazaki mai shekara 12 ya ci lambar zinare a gasar International Spirits Challenge. A ƙarshen 2014 marubucin nan ɗan Ingila, Jim Murray, ya zaɓi Yamazaki Sherry Cask 2013 a matsayin na ɗaya a duniya a littafinsa na shekara-shekara, kuma babu na Sikotland ko ɗaya a ukun farko. A daidai lokacin gidan talabijin na NHK yana nuna wasan kwaikwayon Massan, da aka gina a kan rayuwar Taketsuru da Rita, sai mutanen gida ma suka ruga kantuna.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, rashin masu saye ya taimaka wajen cin waɗannan kyaututtuka. Gangunan da aka cika lokacin da kasuwa ke ci sun zauna a rumbu babu mai taɓa su, suka tsufa, masu haɗi suka samu abin zaɓe. Kuma rage dafawar da aka yi a shekarun 1990 ita ta dawo ta ciji kamfanonin lokacin da kowa ke nema. Ba a iya yin wuski mai shekara 17 cikin shekara uku, komai kuɗin mutum. A 2015 Nikka ya janye kwalaben Yoichi da Miyagikyo masu ɗauke da adadin shekaru. A 2018 Suntory ya dakatar da Hibiki mai shekara 17 da Hakushu mai shekara 12, kamfanin da shekara huɗu kafin nan ya sayi Beam na Amurka a kan kusan dala biliyan 16.

Ƙofar da aka bari a buɗe

Ga masu nema sun yi yawa, ga kaya babu, ga doka sako-sako. A Sikotland, tun zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya doka ta wajabta ajiye wuski shekara uku, kuma dokar 2009 ta fayyace komai game da abin da za a kira na Sikotland. A Japan kuwa, dokar da ta bayyana mene ne wuski dokar harajin giya ce, kuma hukumar haraji ke kula da ita. Damuwarta nawa za a biya gwamnati. Ba ta sa iyakar shekaru ba, ba ta ce lallai a dafa shi a Japan ba, har ta yarda a cika mafi yawan kwalbar da barasar da ba wuski ba. (Wannan hukuma ce dai a 2022 ta shirya gasar neman dabarun sa matasa su ƙara shan giya saboda haraji ya ragu, watanni kaɗan kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce babu wani adadin barasa da za a kira mara illa ga lafiya.)

Sakamakon haka, ɗan kasuwa yana iya shigo da wuski a manyan tankuna daga Sikotland ko Kanada, ya ɗura a kwalba a Japan, ya manna takarda mai rubutun Japananci da hoton dutsen Fuji ko jarumi mai takobi, ya tura Amurka da Turai a kan ninkin kuɗi. Wasu ma giyar shinkafa suka tsufar a ganga suka kai Amurka da sunan wuski. Babu dokar da suka karya. Mai saye a Landan ko New York yana shinshina kofinsa yana yabon ruwan duwatsun Japan, alhali abin da ke ciki bai taɓa ganin tukunyar Japan ba. Wannan ma ya nuna cewa yawancin masu yabon ɗanɗanon takardar jikin kwalba suke karantawa.

Sai a watan Fabrairun 2021, kusan shekara 100 bayan kafa Yamazaki, ƙungiyar masu yin barasa ta Japan ta fitar da ƙa'ida. Kafin a rubuta wa kwalba “wuskin Japan”, dole a yi amfani da hatsi mai tsiro da ruwan da aka ɗebo a Japan, a tsima a kuma dafa a matatar da ke Japan, a ajiye a gangar katako da ba ta wuce lita 700 ba na aƙalla shekara uku a cikin ƙasar, a ɗura a can, kuma ƙarfin barasar kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Wanda bai cika sharuɗɗan ba, an hana shi sa sunayen garuruwa ko duwatsu ko tutar Japan ta yadda zai ruɗi mai saye. Ƙa'idar ta fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2021, aka ba da wa'adi zuwa ƙarshen Maris 2024.

Mataki ne mai kyau, amma ya zo a makare, kuma manyan kamfanonin ba za su wanke hannunsu daga jinkirin ba. Su ma sun amfana da sakacin. Nikka ya mallaki matatar Ben Nevis a Sikotland tun 1989, kuma bayan fitowar ƙa'idar ya bayyana cewa wasu kwalabensa, har da From the Barrel da ake yabo a ko'ina, suna ɗauke da wuskin da aka shigo da shi. Ya cancanci yabo da ya faɗa da bakinsa. Ya kamata a ce ya faɗa tun kafin a tambaya.

Akwai masu cewa ana tsaurara abin da bai kai ba. Hujjarsu ita ce, mafi yawan sha'irin ma daga waje ake shigo da shi, gangunan daga Amurka da Sifen, fasahar daga Sikotland, to mene ne laifin shigo da ruwan kansa idan gwanintar Bajapane a haɗi take? Hujjar ba ta banza ba ce. From the Barrel bai rage daɗi ba ranar da aka san abin da ke cikinsa. Suntory ma ya fitar da Ao a 2019, haɗin wuskin ƙasashe biyar, ya rubuta haka a fili, kuma ya samu masu saye. Amma wannan misali ne ke rushe hujjar tasu: tunda ana iya faɗin gaskiya a sayar, wanda ya ɓoye ya san cewa kuɗin sunan yake karɓa. Sha'irin waje da aka jiƙa da ruwan Japan, aka dafa a tukunyarta, ya yi shekaru yana shan zafin bazararta da sanyin hunturunta a cikin ganga, ya sauya a hannun Japanawa. Ruwan da aka sauke daga jirgi aka ɗura a kwalba, murfi kawai aka sa masa.

Inda gyaran ya gaza shi ne, abin da aka fitar a 2021 ƙa'idar ƙungiya ce, tana hawa kan mambobinta. Wanda ba ya ciki bai ɗauki alkawarin komai ba, kuma a irin wannan kasuwa masu algus ba su cika shiga ƙungiya ba. Abin da zai tsare sunan shi ne gwamnati ta mayar da sharuɗɗan doka mai hukunci, kamar yadda Sikotland ta yi, ta kuma nemi ƙasashen da ake kai kayan su amince da ita. Waɗanda suka fi buƙatar haka su ne ƙananan matatu gommai da aka buɗe a 'yan shekarun nan, waɗanda suka ci bashi suka cika ganguna, suna zaune suna jira, yayin da wani ke sayar da kwalba mai arha da suna iri ɗaya a kanta ɗaya.

Jiran kuwa mai tsawo ne, kuma kowace shekara wani kaso na abin da ke cikin ganga yana tsiyayewa ta jikin katako ya bi iska. Gangar da aka cika a ranar da ƙa'idar ta fara aiki, sai a Afrilun 2024 ta cancanci sunan wuskin Japan. Kafin ta kai shekarun Hibikin da aka dakatar, sai 2038.